Takunkumin makamai: wa ke tsare ƙofar?

Ɗan Maigatari:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu bin labaran duniya a cikinmu. Duk sanda aka tashi maganar bindigogin da ke hannun ɓarayin daji, sai ka ji an ce daga Libiya suke fitowa. To amma a rediyo na ji cewa tun 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa Libiya takunkumin makamai, ba a shigarwa, ba a fitarwa. In haka ne, ta ina suke bi? Wa aka ɗora wa tsare takunkumin? Mu nan da ƙafa ake shiga Nijar, ga kuma abin da ya fara faruwa a Shanono da Tsanyawa, wuraren da a da ba a jin irin wannan. Don Allah wanda ya sani ya warware mana.

Ɗalibin Dutse:
Wa'alaikumus salam Yaya. Abin da ka ji gaskiya ne. Ranar 26 ga Fabrairu 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1970, ya haramta sayar wa Libiya makamai da sayen makamai daga wurinta. Sai dai Majalisar ba ta da kwastam nata, ba ta da jirgin ruwan yaƙi ko guda ɗaya. Ƙudurin wajibi ne a kan kowace ƙasa, amma kowace ƙasa ita za ta tsare tashoshin ruwanta da filayen jirginta da iyakokinta. Abin da ke hannun Majalisar shi ne kwamitin takunkumi, inda wakilan ƙasashe 15 na Kwamitin Sulhu ke zama, sai wasu ƙwararru 'yan kaɗan da ke tattara shaida su rubuta rahoto. Ba sa kama kowa. Kuma kafin a sa sunan wani cikin jerin waɗanda za a hukunta sai duk ƙasashen 15 sun yarda. Ɗaya ta ƙi, magana ta tsaya.

A teku kam an ɗan taɓuka. Daga Maris zuwa Oktoba 2011 jiragen NATO sun yi sintiri a Bahar Rum. A 2016 ƙuduri mai lamba 2292 ya ba da damar tsayar da jirgi a tsakiyar teku a bincike shi, daga ƙarshen Maris 2020 kuma Tarayyar Turai ta kafa rundunar Irini don wannan aikin. Sun kama jirgi ɗauke da man jiragen sama a 2020, sun kama wasu da motocin yaƙi a 2022. Amma akwai sharaɗin a fara neman yardar ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta. A Nuwamba 2020 sojojin Jamus sun hau wani jirgin Turkiyya, Turkiyya ta ce ba ta yarda ba, dole suka sauka ba su gama binciken ba.

Ɗan Maigatari:
To ai mu ba ta teku suke zuwar mana ba.

Ɗalibin Dutse:
Nan gizo ke saƙar, Yaya. Libiya tana da iyaka ta tudu da ƙasashe shida: Masar, Sudan, Chadi, Nijar, Aljeriya da Tunisiya. Babu wata rundunar duniya da aka ɗora wa tsare wannan hamadar. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, rumbunan makaman da ya tara cikin shekara 42 suka zama babu mai gadi. Farkon 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, cikin 'yan watanni Kidal da Gao da Tumbuktu suka faɗi. Turai ta zuba jiragenta a arewa inda take jin tsoron abin zai iso mata, kudun kuwa a buɗe.

Abban Sadiya:
Ni fa ku daina ɓata wa kanku lokaci da lambobin ƙuduri. Takunkumi tarko ne da ake ɗana wa mai rauni. Su wa ke da kujerar naƙi? Amurka, Rasha, Sin, Faransa, Birtaniya. Su wa ke kan gaba wajen sayar da makamai a duniya? Akasari su ne dai, Amurka ita kaɗai tana da wajen kashi 40 cikin ɗari. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A watan Yuni 2011, takunkumin yana da wata huɗu kacal, Faransa da bakinta ta amsa cewa ta jefa wa 'yan tawayen Libiya makamai daga sama a tsaunukan Nafusa. Wa ya hukunta ta?

Ku je ku karanta abin da aka yi wa Musulmin Bosniya. A Satumba 1991 aka sa wa duk Yugoslabiya takunkumi, wai don a yi adalci ga kowa. Alhali tankoki da manyan bindigogin sojojin ƙasar suna hannun Sabiyawa, su Bosniyawa ba su da komai sai 'yan ƙananan makamai. Wannan takunkumin kuwa an tsare shi da gaske, jiragen NATO suna tare dubban jiragen ruwa a tekun Adiriyatik. Aka ɗaure hannun wanda ake duka. A Yuli 1995 aka kashe maza da yara maza fiye da 8,000 a Srebrenica, garin da Majalisar da kanta ta ce yana ƙarƙashin kariyarta. Yau kuma ga Gaza, an taɓa jin Kwamitin Sulhu ya sa wa Isra'ila takunkumin makamai? Ba za a taɓa ji ba muddin Amurka na kan kujerar.

Maman Iliyasu:
Salamu alaikum. Abban Sadiya, maganarka ta Bosniya ta taɓa ni. Amma ni tambayata a kan Sudan ce. Muna da dangi a wajen Sinnar, jikokin waɗanda suka tafi hajji ta ƙasa suka zauna a can. Tun da yaƙin nan ya tashi sun watse, wasu sai a daɗe ba a ji muryarsu ba. Shin Sudan babu takunkumi ne? In akwai, jiragen nan marasa matuƙi da muke ji ana jefa bam da su a kasuwanni daga ina?

Ɗalibin Dutse:
Allah ya kare su, Mama, ya haɗa fuskokinku da alheri. Akwai, amma na Darfur ne kawai, ba na Sudan gaba ɗaya ba. An fara shi a 2004, aka faɗaɗa shi a 2005 da ƙuduri mai lamba 1591. Wato makami zai iya sauka a Port Sudan ba a karya dokar Majalisar ba, sai ya shiga Darfur ne zai zama laifi. Tun da yaƙin Burhan da Hemedti ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suke kira a shimfiɗa takunkumin a kan ƙasar duka, ba a yi ba. Na Darfur ɗin ma, farkon 2024 ƙwararrun Majalisar sun rubuta cewa akwai ƙamshin gaskiya a zargin da ake yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na aika wa dakarun RSF na Hemedti makamai ta filin jirgin Amdjarass a gabashin Chadi. Daular ta musanta, ta ce kayan agaji take kaiwa. Sudan ta kai ta ƙara Kotun Duniya, a Mayu 2025 kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar. A Oktoba na shekarar El Fasher ta faɗa hannun RSF.

Maman Iliyasu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara ashirin ana sabunta takarda, mutane suna ƙarewa.

Malam na Babura:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Abban Sadiya, ƙanena, abin da ka faɗa kan Bosniya haka yake, har Amurka ma a Nuwamba 1994 ta janye daga tsare takunkumin a kan Bosniyawa saboda matsin lamba daga majalisarta. Inda ban bi ka ba shi ne cewa kowane takunkumi tarko ne. Mu 'yan Kano da Jigawa bai kamata mu faɗi haka ba, don namu ya yi aiki a kan wani takunkumin da ya cije. A Nuwamba 1977 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 418 a kan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, da ya je wakiltar Najeriya a Majalisar zamanin Shagari, shi ya shugabanci kwamitin musamman na yaƙi da wariyar launin fata, bayansa Janar Joseph Garba ma ya riƙe. Babban aikin kwamitin shi ne tona asirin masu karya takunkumi, a ambaci sunan ƙasa da na kamfani a gaban duniya.

An karya shi? Ƙwarai. Turawan can sun ƙarfafa kamfaninsu na makamai, Armscor, sun sayi fasaha ta bayan fage. Amma jirgin yaƙi ba bindiga ba ne da za ka ɓoye a buhu. Jiragen Mirage da suka saya daga Faransa tun kafin takunkumi suka tsufa, babu damar sayen sababbi. Da aka gwabza a kudancin Angola a 1987 da 1988, jiragen MiG na Kuba suka hana su sakat a sama. Bayan nan aka zauna teburin sulhu, Namibiya ta sami 'yanci a 1990. Ban ce takunkumi shi kaɗai ya yi wannan ba. Abin da nake cewa shi ne, ya yi tasiri domin akwai ƙasashen da suka ɗauki abin kamar nasu, suka hana idonsu barci shekara da shekaru.

Sannan kada mu cire kanmu daga maganar Libiya. Najeriya tana cikin Kwamitin Sulhu a 2011, kuma ta ɗaga hannu ta amince da ƙuduri mai lamba 1973, wanda NATO ta yi ruwan bama-bamai a ƙarƙashinsa. Ita da Afirka ta Kudu da Gabon duk sun amince. Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Burazil ne suka ƙaurace.

Abban Sadiya:
Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma Allah ya jiƙan Ɗan Masani. To amma 2014 fa? Boko Haram na riƙe da Gwoza da Bama da Mubi, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra daga Isra'ila. Har ta kai a Satumba na shekarar aka kama dala miliyan 9.3 tsaba a cikin jirgi a Afirka ta Kudu, an je neman makamai. 'Yan ta'adda babu mai tambayarsu takarda, gwamnati ce ake tambaya.

Malam na Babura:
Wannan ba takunkumin Majalisar ba ne, ƙanena. Dokar cikin gida ce ta Amurka, ana ce mata dokar Leahy, da ta hana taimaka wa rundunar da ake zargi da take haƙƙin farar hula. Ni ma a lokacin raina ya ɓaci, don 'yan'uwanmu ake yankawa. Amma ka tuna da Rann a Janairu 2017, inda jirgin sojanmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, da Tudun Biri a Disamba 2023, inda bam ya faɗa kan masu Mauludi. Iyayen waɗannan yaran suna da haƙƙin a tambayi wanda za a ba jirgi yadda zai yi amfani da shi. Daga baya dai an sayar mana da jiragen yaƙi ƙirar Super Tucano guda 12, suka iso a 2021.

Baba Saje:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na yi aikin ECOMOG, rundunar ECOWAS, a Saliyo, to bari in gaya muku yadda tsare takunkumi yake a ƙasa, ba a takarda ba.

A Mayu 1997 su Johnny Paul Koroma suka kifar da Shugaba Tejan Kabbah. A Oktoba Kwamitin Sulhu ya sa takunkumin mai da makamai, kuma a cikin ƙudurin ya ba ECOWAS izinin tsayar da jiragen ruwa masu shiga ta bincike su. Wannan karon ba Turawa aka ɗora wa ba, mu ne. Jiragen ruwan Najeriya suna bakin Firitawun, filin jirgin Lungi yana hannunmu. Ƙofar teku ta rufu, a Fabrairu 1998 aka kore su daga birnin, a Maris Kabbah ya dawo. Muka ɗauka an gama.

Ashe ƙofar daji tana buɗe. Ranar 6 ga Janairu 1999 'yan tawaye suka shigo Firitawun da harsasai kamar ba za su ƙare ba. Abin da idona ya gani a wannan watan ba zan sa yaro ya rubuta ba. Daga ina suka samu? Daga Laberiya, wadda ita ma tana ƙarƙashin takunkumi tun 1992. Lu'ulu'u na fita ta wurin shugaban Laberiya Charles Taylor, makamai na shigowa. Daga baya masu bincike na Majalisar suka gano cewa a Maris 1999 an ɗauko tan 68 na makamai daga Yukiren da takardar da ke cewa na sojojin Burkina Faso ne, suka sauka a Wagadugu, aka kwashe su zuwa Monrobiya. A 2002 ma an kai wa Taylor makamai daga Sabiya da takardar jabu mai ɗauke da sunan Najeriya. Da sunan ƙasarmu, mu da muka binne 'yan'uwanmu a can.

Ku san abin da ya karya lagonsu? Da aka bi kuɗin. A 2000 aka hana sayen lu'ulu'un Saliyo marar takardar shaida, a 2001 aka hana na Laberiya, aka hana Taylor da muƙarrabansa tafiye-tafiye, a 2003 aka hana sayen katakonsu. Dillalin makamai ba ya ba da bashi. A Janairu 2002 aka ayyana ƙarshen yaƙin Saliyo. Taylor kuwa a Gamborun Ngala aka kama shi a 2006, yanzu yana zaman ɗaurin shekara 50.

Ɗalibin Dutse:
Allah ya ƙara girma, Baba, ya saka muku da alheri. Abin da kuka faɗa ya sa ni tunanin Zamfara. A Afrilu 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a can, a Maris 2021 ta hana jirage shawagi a sararin jihar, a Disamba 2024 aka ɗage haramcin haƙar. Amma zinariya ba ta da lamba, ga kuma kuɗin fansa da shanun sata, waɗanda duk a cikinmu suke juyawa.

Ɗan Maigatari:
Shanun sata kam mu 'yan kara mun san ana ƙoƙarin shigo da su, shi ya sa ba ma sayen dabba sai da dillalin da muka sani. Baba, maganarku ta ƙofar daji ita ce tamu. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 iyaka a rufe take, ga jami'ai ko'ina, amma akwai ranar da shinkafar waje ta yanke a kasuwa? Tsada kawai ta yi, masu babura suka samu sana'a, ana bi ta gonaki da dare. Hanyar da buhun shinkafa ya bi, me zai hana wani abin ya bi? A 2023 da aka sake rufewa saboda juyin mulkin Nijar, mu masu kasuwar Alhamis muka ji jiki, masu bin dare ko a jikinsu.

Malam na Babura:
Kuma ga wani abin damuwa. ECOWAS tana da yarjejeniyar ƙananan makamai ta 2006, wadda ta ce ƙasa ba za ta shigo da su ba sai ta nemi izini ta sanar da sauran. Tun Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar. Jigawa da Damagaram uwa ɗaya uba ɗaya ne, in jami'an ɓangarorin biyu ba sa musayar labari, mai fasa-ƙwauri ne ya ci riba.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wata cibiyar bincike ta Birtaniya mai bin diddigin makamai ta duba bindigogin da aka ƙwace a Kaduna da Katsina da Zamfara, ta fitar da rahoto a 2020. Ta samu na Libiya, gaskiya ne. Ta kuma samu waɗanda suka fito daga rumbun Kwaddebuwa, da ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta teku, da ƙirar maƙeran gida, da waɗanda asalinsu na jami'an tsaronmu ne. A Janairu 2017 kwastam sun kama bindigogi 661 a Legas, a 2024 sun kama 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne. Waɗannan ba ta hamada suka zo ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce zuwa Disamba 2018 akwai makaman 'yan sanda 178,459 da suka ɓace, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Rundunar ta yi jayayya da wasu alƙaluman rahoton, amma ko kashi ɗaya cikin goma ne gaskiya, wane Kwamitin Sulhu ne zai zo ya ƙirga mana rumbunmu?

Abban Sadiya:
To Malam ai ka dawo kan maganata ta wata hanya. Na waje ba su tsare ba, na gida ba su tsare ba, talaka kuma in aka gan shi da bindigar toka a gona shi za a kama. Ni har yanzu ina nan a kan cewa mutanen ƙauye su ne Bosniyawan wannan yaƙin.

Maman Iliyasu:
A'a Abban Sadiya, a nan ban goyi bayanka ba. Mutanenmu na Sudan sun ga abin da ke faruwa idan kowace ƙabila ta ce sai ta riƙe nata makamin. RSF ɗin nan daga mayaƙan sa-kai na Janjawid ta samo asali, waɗanda gwamnati ta ba makamai da hannunta. Ni uwa ce, ba na son bindiga ta ƙaru a garin nan ko a hannun wa take.

Abban Sadiya:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Ban ce a raba wa kowa ba. Amma ranar da suka shigo gari da babura, amsar me za mu ba matanmu?

Baba Saje:
Ɗana, tambayarka tana da nauyi, kuma ba ni da amsar da za ta kwantar maka da hankali a daren yau. Abin da na sani daga aiki shi ne wannan. AK-47 tana iya shekara talatin tana aiki, wadda ta riga ta shigo ta shigo. Harsashi shi ne ke ƙarewa, kullum sai an kawo sabo. An sha kama mutane, har da mata, da harsasai a cikin buhunan hatsi da jarkokin manja a motocin haya. Wanda ya fi kowa sanin buhun da nauyinsa bai yi daidai da girmansa ba shi ne ɗan dako da ɗan kamasho. Ku da ke da baki a tasha da kara, ku zauna da sarkin tasha da mai gari a samu hanyar da yaro zai faɗi abin da ya gani ba tare da an ji sunansa ba.

Na biyu, duk inda aka yi harbi, ku hana yara tsince kwanson harsasai suna sayar wa 'yan gwangwan. A gindin kowane kwanso akwai lambobi, yawanci suna nuna masana'antar da ta ƙera shi da shekarar. Da irin waɗannan lambobin masu bincike ke gane ko daga waje harsashi ya zo ko daga rumbun gida. A tattara su, a miƙa wa jami'an tsaro ta hannun mai unguwa, a gaban shaidu.

Ɗan Maigatari:
In sha Allahu zan yi wa shugabannin kara maganar ranar Alhamis. Malam, in da hali ka zo mu je tare, sun fi jin maganarka.

Malam na Babura:
Zan zo bayan azahar, in Allah ya kai mu.

Abban Sadiya:
Kafin a miƙa kwanson, a ɗauki hoton gindinsa da waya yadda lambobin za su fito sosai, a rubuta rana da sunan garin, mutum biyu ko uku su ajiye. Kada ya zama kwafi ɗaya ne a hannun mutum ɗaya.